Kare Mai Cizo da Ɗakin Jego

A cikin mas'alolin da zamanin nan ya kawo wa magidanta a manyan garuruwanmu, akwai wata wadda in da an gabatar da ita gaban wani dattijo na Kano ko Katsina ko Damagaram shekara 100 da suka wuce, da sai ya nemi a maimaita masa, domin bai taɓa jin an haɗa abubuwan nan biyu cikin zance guda ba. Mas'alar kuwa ita ce, mutum yana da kare a gida, karen nan ya taɓa cizon wani, iyalinsa kuma ta kusa sauka, to, yaya zai yi ya tsare jariri daga haƙorinsa? Karnukan dā ba su fi na yau ladabi ba, iyayen dā kuma ba su fi na yau son 'ya'yansu ba. Abin da ya raba su da mu shi ne, a wancan lokaci akwai katanga da hannuwan mata da hukuncin Shari'a tsakanin kare da jinjiri, kowanne yana tsaye a matsayinsa tun kafin a ɗauki cikin, har ya zamana ba a bukatar a tambayi halin karen, mai kirki ne ko mugu.

Kare dai tsohon mazauni ne a ƙasar Hausa, ya kuma riga Musulunci zuwa cikinta da nisan da ba mai iya ƙididdigewa. Littafin Tarihin Kano, wanda wani Bature mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, da ya zo bayanin mutanen Dala a zamanin Barbushe, ya ambaci baƙin kare tare da baƙar kaza da baƙin bunsuru cikin abubuwan da suke kai wa tsafinsu, wanda ke nuna cewa dabbar tana hannun mutane, suna kiwonta kamar yadda suke kiwon sauran bisashe. Maguzawa, waɗanda suka riƙe yawancin al'adun farko, ba su rabu da kare a gidajensu na karkara ba, saboda biri da gafiya masu ɓarnar gona, da kura mai ɗaukar akuya da dare. Amma inda kare ya sami daraja ta sosai shi ne wajen mafarauta. Idan kaka ta wuce, aka kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, sai a buga gangar farauta, samari su fito da gora da barandami, kowa da karnukansa a igiya, a nufi daji neman zomo da gada da dila. Mafarauci yakan san karensa kamar yadda barde ya san dokinsa, yana ba shi magani, yana yi masa kirari, yana kuma iya yin faɗa har a zub da jini a kan wane kare ne ya fara kama nama. Daga wannan fage ne Hausawa suka samo maganarsu ta cewa karen bana shi ke maganin zomon bana. Sai dai abin lura, duk wannan ƙauna a waje ake yin ta, karen farauta a turke yake kwana, a ƙofar gida ko bayan danga, kuma ana bar masa 'yar yunwa da gangan don kada kaifinsa ya dushe.

Da Wangarawa suka iso Kano a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, littattafan fiƙihun Malikiyya kuma suka bazu a zaurukan malamai a ƙarnonin da suka biyo baya, sai matsayin kare ya sami ƙa'ida rubutacciya. Mutane da yawa za su yi mamaki in aka gaya musu cewa mazhabar da muke bi tana cikin mafi sauƙin mazhabobi game da jikin kare, domin a wurin Imam Malik, Allah ya yi masa rahama, kowane mai rai tsarkakakke ne, har da yawunsa, wankin nan bakwai da aka yi umurni a yi wa ƙwaryar da kare ya yi lallage a cikinta kuwa malaman mazhaba sun ɗauke shi a matsayin ta'abbudi, watau bin umurni kawai, ba hujjar najasa ba. Ƙyamar da talaka ke yi wa kare, har ya tafi ya wanke riga don karen ya goge ta, ta zarce abin da ke cikin littafi. Inda Malikiyya ta tsananta shi ne wajen ajiye shi. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, wadda kusan kowane almajirin ilimi a ƙasar nan yake sauke ta bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ta hana ajiye kare a cikin gidaje, na birni ko na ƙauye, in ba don tsaron shuka ba, ko rakiyar dabbobi zuwa makiyaya, ko farautar da mutum ke ci da ita, ban da ta nishaɗi. Duk waɗannan ayyuka uku kuwa a bayan gari ake yin su.

Masu sharhin Risala sun kawo wani labari mai daɗi game da mawallafin kansa, cewa wata rana katangar gidansa ta faɗi a lokacin da Ƙairawan ba ta da aminci, sai ya samo kare ya ɗaure don tsaro, da aka tuna masa da ƙin da Malik ya yi wa haka, sai ya amsa da cewa in da Malik ya riski irin wannan zamani, da zaki zai ɗaure. Da wannan ne malaman baya suka kafa hujja wajen halatta karen gadi idan larura ta kama, kuma a kansa ne mai gidan yau da ke tsoron 'yan fashi zai dogara. Amma ya kamata a lura da sababin labarin: katanga ce ta faɗi, sai aka sa kare a gurbinta, yana fuskantar waje. Ba a ruwaito cewa Shehin ya shigar da shi ɗakin iyalinsa ba.

Tsarin gidan Bahaushe na gargajiya shi ne ya mayar da wannan hukunci abin gani da ido. Mai shiga yakan fara da zaure, inda mai gida ke karɓar baƙi, ya wuce ƙofar gida, watau filin da ake ɗaure doki ko jaki, inda kuma samari ke da ɗakunansu, sa'an nan ya tarar da shigifa, wadda baƙo namiji ba ya ƙetare ta, bayanta ne cikin gida yake, da ɗakunan mata da madafa da rijiya. An gina wannan jeri ne saboda kulle da kiyaye mutuncin iyali, ba wanda ya zana shi don kare, amma kare ya faɗa cikin hukuncinsa, ya tsaya inda baƙo ke tsayawa ko ma baya da nan. A cikin tsohon birni, inda malamai da attajirai suka yi yawa, gidaje da dama ba su da kare sam, sai dai na yawo da ke bin juji da mahauta. A ƙauye, inda danga ce ta kara a madadin katanga, karen yakan kutsa tsakar gida neman ƙanzo, amma da ya doshi ƙofar ɗaki sai muciya ko takalmi su tarye shi, kuma tun yana kwikwiyo yake koyon cewa tabarma da gado da ƙwaryar abinci ba nasa ba ne.

Sai dai katanga ba ta da ido, abin da ya fi ta tasiri shi ne al'adar jego, wadda ya kamata a ɗan dakata a kanta. Mace in cikinta na fari ya tsufa, sai a mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a hannun uwarta da kakarta. Da ta sauka, ungozoma ta yanke cibiya, ta wanke jariri, sai a ɗauki mabiyiya a haƙa rami a binne ta da kyau a bayan ɗaki, kuma ko da yake tsofaffi suna da nasu bayani na asiri game da wannan, ba a rasa hikimar hana dabba ta tone ta a ciki ba. Daga ranar har kwana 40 mai jego tana cikin tsari: safe da yamma a dafa ruwa a babbar tukunya, ta yi wanka da ganyen tsamiya ko na darbejiya, ta sha kunun kanwa, ta kwanta a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Akwai tsohuwa da aka ɗora wa wannan hidima, tana kwana a ɗakin, ita ke gasa cibiya, ita ke wankan jariri, ita ke miƙa shi ga 'yan barka da karɓe shi daga hannunsu. Mata kuwa ba sa yankewa, wannan ta shigo da “barka da arziki”, waccan ta fita da “Allah ya raya”. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, zai ga yawan matan da ke kewaye da haihuwa guda, kowacce da aikinta da sunan zumuncinta. Likitocin Zariya sun nuna tun cikin shekarun 1970 cewa tsananin zafin nan da yawan kanwa suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego, don haka ba kowane ɓangare na al'adar ne abin yabo ba. Amma ta fuskar tsaron jinjiri, da wuya a sami tsarin da ya fi wannan, domin a cikin kwanakin nan 40 babu sa'ar da yake kwance ba idon babba a kansa.

Har camfi ma ya yi wa wannan tsari hidima. An ce ba a barin jariri shi kaɗai a ɗaki, don kada aljanu su musanya shi ko maye ya kama kurwarsa, in kuwa tilas ta sa uwa ta leƙa waje, sai ta ajiye wuƙa ko tsintsiya a wajen kansa. Malamai sun yi ta wa'azi a kan wannan, da gaskiyarsu kuma, tun da wuƙa ba ta korar abin da Allah bai kora ba. Sai dai matar da aka tarbiyyantar a kan tsoron barin ɗanta shi kaɗai ko na ɗan lokacin ɗebo ruwa, ta tsare shi daga kare da kyanwa da maciji da garwashi ba tare da ta ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba. Bayan arba'in kuma sai goyo ya karɓa: jariri yana bayan uwarsa, an ɗaure shi da zane da majanyi, tana daka tana tankaɗe da shi, in ta gaji ta kwance ta ɗaura wa 'yar raino ko kishiya ko kaka. Yaron da ke goye ya fi ƙarfin bakin kare, kuma a haka yake cinye yawancin watanninsa na farko.

Akwai ranaku biyu a makon farko da tsofaffi ke ƙara sa ido, ranar ƙauri, da ake dafa wa mai jego ƙafafun sa da kayan yaji, da ranar suna, da ake yanka rago, wanzami ya zo aski, gida ya cika da jama'a. Ƙanshin nama da jini da ƙasusuwan da ake zubarwa sukan tara karnukan unguwa, kare kuwa a kan ƙashi ba ya sanin ubangijinsa, balle yaran da ke kai da kawowa. Haɗari na gaskiya, duk da haka, yana zuwa ne daga baya, lokacin rarrafe, sa'ad da yaro ya sauka daga baya ya kama yawon tsakar gida, fuskarsa daidai da fuskar kare, yana jan wutsiya, yana cusa hannu a kaskon abinci, alhali ba ya fahimtar gurnani, ba ya kuma gane karen da ya sandare ya ɗage leɓe. Likitocin yara a ko'ina sun tabbatar da cewa babba a hannu ko ƙafa aka fi cizonsa, ƙaramin yaro kuwa a fuska da kai da wuya, kuma mafi yawan lokaci karen da ya san shi ne, na gida ko na maƙwabta. Jaririn da maɗigarsa ba ta haɗe ba, kamun da zai bar wa babba tabo kawai yana iya zama ajalinsa.

Malamanmu masu karatun adabi sun san wata hikaya a cikin Kalila wa Dimna, littafin da Ibn Muƙaffa ya juya daga Farisanci zuwa Larabci a ƙarni na 8, ta wani mai ibada da matarsa ta bar masa jariri, sai manzon sarki ya kira shi, ya fita ya bar yaron da wani tunku da ya raina a gida. Maciji ya fito ya nufi yaron, tunku ya kashe shi, ya tarbi mai gida da jini a baki, shi kuwa ya zaci ɗansa ya cinye, ya buge shi ya mutu, sa'an nan ya shiga ya tarar da yaro lafiya. Da hikayar ta isa ƙasashen Turai sai tunku ya koma karen farauta, har wani malamin Kirista mai suna Etiyen na Burbon ya rubuta a ƙarni na 13 cewa ya tarar da matan ƙauye kusa da Liyon ta Faransa suna kai jariransu marasa lafiya kabarin irin wannan kare suna neman tubarraki. Ana kawo labarin ne don a yi gargaɗi game da gaggawa, gargaɗin kuma yana da kyau. Amma da tsohuwar da ke zaman jego za ta ji shi, ba kashe tunkun ne zai fara ba ta haushi ba, tambayarta ita ce wane irin uba ne zai ja ƙofa ya bar ɗan kwana kaɗan da dabba. A ganina ita ce ta fi fahimtar labarin, domin sa'a ce kawai ta sa jinin na maciji ne.

Game da karen da aka riga aka san yana cizo, hukuncinsa tsoho ne ƙwarai. A cikin allunan yumɓu da aka tono a Tal Harmal, gefen Bagadaza, a 1945 da 1947, an sami dokokin wata daula mai suna Eshnunna, waɗanda shekarunsu suka kai kimanin 3,800, a ciki kuwa an hukunta cewa idan hukumar unguwa ta sanar da mutum halin karensa, bai tsare shi ba, har ya ciji wani ya mutu, zai biya shekel 40 na azurfa. A kusa da wannan doka akwai ta sa mai tunkuyi da ta katangar da ta karkata, duka a kan asasi guda, watau an faɗa maka, ba ka gyara ba. Abin sha'awa, irin wannan asasi ne muke tararwa a Muhtasar na Shehu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka yi ta hukunci da shi tun kafin jihadi har bayan zuwan Turawa. A babin jinayoyi ya lissafa ajiye kare mai cizo tare da haƙa rijiya a inda za a faɗa da ɗaure dabba a kan hanya, cikin abubuwan da mutum ke zama sanadin kisa da su ko da hannunsa bai taɓa mamacin ba. Masu sharhi suka fayyace cewa in ya ajiye shi da nufin cutar da wani ayyananne, wannan ɗin kuma ya halaka, to ƙisasi ne. In ba shi aka nufa ba, diyya ce. In kuma don wata bukata halattacciya ya ajiye shi, ba a kama shi da komai sai in an riga an yi masa gargaɗi ya yi sakaci.  Dabba ba mukallafa ba ce, saboda haka nauyin duka yana wuyan wanda ya sani.

A aikace, ƙarar irin wannan ba kasafai take kaiwa gaban alƙali ba. Uban yaron da aka ciza yakan je wurin mai unguwa, a kira mai kare a gaban dattawa a ce masa ya san yadda zai yi da dabbarsa, wannan kuwa shi ne gargaɗin da littafi ke nufi. Daga nan ɗayan uku ne: a kai karen gona ko ruga ya zauna can, ko a ba wani mafarauci, ko a kashe shi. A zamanin baya-bayan nan an sami hanya ta huɗu, ta fatake masu bi ƙauye-ƙauye suna sayen karnuka suna kai su kasuwar Dawaki ta ƙasar Kanke a Jihar Filato, inda ake cinikinsu don ci. Mai kare da ya tsaya gardama yana cewa nasa ya san 'yan gida, dattawa sukan tuna masa cewa sabo turken wawa ne.

Abin da ya sa ba a wasa da cizo, ko da ƙarami ne, shi ne haukan kare. Likitocin Musulunci na dā, irin su Ibn Sina wanda ya rasu a 1037, sun siffanta ciwon sarai, da yadda yake ɓoyewa makonni bayan rauni ya warke, da tsoron ruwan da ke kama majinyaci a ƙarshe, amma ba su da maganinsa, haka nan masu maganin gargajiya, waɗanda a ƙasashe da yawa har da tamu sukan ƙona gashin karen su shafa a raunin. Sai a ranar 6 ga Yuli 1885 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 9, Yusufu Maista, allurar rigakafin Luwi Fasto a birnin Faris, yaron kuma ya rayu. A Nijeriya an fara rubuta ciwon a jikin mutum a takardun asibiti a 1912, aka tabbatar da shi a jikin kare a 1925, cibiyar binciken dabbobi ta Vom kuwa, wadda aka kafa a 1924, ta shiga yin allurar karnuka tun cikin shekarun 1950. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa mutum kimanin 59,000 ne ciwon ke kashewa kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kashi 40 cikin 100 kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cizon fuska da kai ya fi sauri wajen kai cutar ƙwaƙwalwa, ga shi kuwa nan ne ake cizon ƙanana. Umurnin likitoci a kan wannan a bayyane yake: a wanke raunin nan take da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a garzaya asibiti a fara allura a ranar, a kuma tsare karen kwana 10 ana dubansa, ba tare da an jinkirta allurar don jiran abin da zai nuna ba, domin da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi.

Turawan mulki ne suka fara nuna wa mutanenmu wani irin zama da kare dabam. Kuku da boyi da suka yi aiki a gidajen Joji da Razdan sukan komo gari da labarin karen da ake yi wa wanka, ake dafa wa nama, yake kwana a kan kujera, jama'a suna ji suna dariya. Ba a daɗe ba abin ya daina zama na dariya. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 fashi da makami ya yawaita, kuɗin man fetur kuma ya shigo, ma'aikata da 'yan kasuwa suka fita daga tsohon gari suka gina gidaje irin na Turawa a sababbin unguwanni, ba zaure, ba shigifa, sai katanga guda da ƙofar ƙarfe da fili da ya kewaye ginin. A cikin filin nan aka saki karnukan waje, Alseshan da farko, daga baya Rotwaila da Burbul na Afirka ta Kudu, waɗanda wasunsu sun kai nauyin babban mutum, aka kuma horar da su su kama duk wanda ba su sani ba. Filin da karen ke sintiri shi ne filin da ake shanya, shi ne inda yaro zai koyi tafiya, tsakaninsa da falo kuwa ƙofa ɗaya ce, wadda mai aiki ko yaro zai iya mantawa a buɗe. A lokaci guda kuma hannuwan nan masu yawa suka ragu: kaka tana ƙauye, 'yar raino tana makaranta, mai jego ta baro asibiti kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwa, hutun aikinta na 'yan watanni ne, jariri kuma yana kwance a gadonsa na katako a ɗaki shi kaɗai, kamar yadda aka ga Turawa na yi.

Likitocin dabbobi na yau suna da dabarunsu, kuma masu amfani ne: a yi wa kare allurar hauka a kan lokaci, a duba ko wani ciwo ne ke sa shi faɗa, a gina masa keji mai ƙofa biyu tun ciki bai tsufa ba don ya saba, a riƙa ba shi abinci a can nesa da inda yara suke, a sa masa takunkumi in za a fito da shi, kada kuma a doke shi don ya yi gurnani, domin karen da aka hana gurnani yakan ciji ba sanarwa. Amma a kan abu guda bakinsu ya haɗu da na tsohuwar ɗakin jego, cewa ba a barin jariri da kare su biyu ko na ƙiftawar ido, ko da karen bai taɓa cizon kowa ba. Wanda ya riga ya ciji mutum kuwa, har ya fasa fata, da yawansu ba sa ɓoye wa mai shi cewa mafi aminci a nema masa wani wurin zama inda babu yara, tun da horo yana rage haɗari ne, ba ya shafe shi. A ganina, cizon farko da mai gida ya gani da idonsa ya isa ya zama sani, ba sai mai unguwa ya aiko ba. Iyalai da dama a birane har yanzu suna mayar da mace gidan iyayenta ta yi arba'in, ko a ɗauko tsohuwa daga gida ta zo ta zauna, wannan kuwa yana ba mai gida kwana 40 na yanke shawara, ya gina kejin ko ya kai karen gona, kafin mai jego ta dawo, da sauran 'yan watanni kaɗan kafin yaron ya fara rarrafe.